Manhajojin Bayanan Lafiya a Kano: Tarihin Shigar Masu Amfani da Su

Manhajojin bayanan lafiya su ne waɗanda ake tattara alƙaluman asibitoci da su, kamar na haihuwa, awon ciki, rigakafi da zazzaɓin cizon sauro. A da, a ofis ake tsara su, sai ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya ga an sauke masa fom ya cike, ba tare da an tambaye shi ko zai amfane shi ba.

Sauyin ya faro ne daga Afirka ta Kudu bayan 1994, inda shirin bayanan lafiya na HISP, da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo da Jami'ar Western Cape, ya zauna da ma'aikatan asibitocin unguwannin Cape Town. A gwada musu manhajar, su faɗi abin da bai yi ba, a koma a gyara. Haka aka samu manhajar DHIS. Magajiyarta, DHIS2, an fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, daga baya Najeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa.

A Kano, yaƙi da shan inna ne ya fito da darajar wannan tsari na shigar da masu amfani da manhaja. Bayan dakatar da rigakafin a 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa. Masu ɗiga maganin suna bin taswirar da aka zana da hannu, wadda kan tsallake wasu ƙauyuka da unguwanni. Daga 2012 aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam da wayoyi masu nuna inda ma'aikaci ya taka, aikin da ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009, ta yi ruwa da tsaki a cikinsa daga Kano.

Sai dai hoto rufin gida kawai yake nunawa. A cikin ganuwa, a Dala da Gwale da ƙaramar hukumar Birni, lungu na shiga cikin lungu, zaure ɗaya na iya kaiwa ga iyalai da dama. Sunan wuri da iyakarsa suna bakin mai unguwa da ma'aikaciyar da ke shiga gida-gida, kuma gudummawar irin waɗannan mutane ba kasafai ake ambatonta yadda ya kamata ba.

A Sumaila aka ga mai ɗauke da ƙwayar shan inna ta daji na ƙarshe a jihar, a Yulin 2014. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in.