GATARIN ARADU NA KAKATA

Ranar Asabar na je gida Tudun Wada. Muna kwashe tarkacen ɗakin marigayiya kakata sai ga wani baƙin dutse mai sulɓi a cikin tukunya, gefe ɗaya da kaifi. Gwaggo ta ce, "Kai, ajiye shi, gatarin aradu ne!" Haka muka taso muna ji, wai tsawa ce ke jefo shi.

Jama'a, hannun mutum ne ya yi shi. Kafin a san ƙarfe, mutum kan zaɓi dutse mai tauri, ya farfasa gefensa, sannan ya zauna a kan fa yana goga shi da yashi da ruwa, kwana da kwanaki, har ya yi baki. Sai a ɗaura masa ƙota a sari itace da shi.

A shekarar 1944 Bernard Fagg ya haƙa wani kogon dutse a Rop, can Filato. Abin da ya fi samu ƙananan ɓallin farin dutse ne, wasu ba su kai ɗan yatsa ba. Irinsu ake liƙawa a jikin sanda da ƙaro, su zama kan kibiya ko wuƙar fiɗa. Ku kwatanta yinin mutanen nan: wasu sun fita farauta, wasu na tono saiwoyi da tsinko 'ya'yan itace, wani na bakin kogo yana ɓalle dutse, yara na kallo. Kogon inuwa ne da mafakar ruwa, rabin rayuwa a waje ake yin ta. Niƙa kuwa, ni kaina na ga kakata a durƙushe gaban dutsen niƙa. Wannan fasahar ba ta bar mu ba sai da inji ya shigo gari.

A Birnin Kudu, wadda take cikin Kano kafin 1991, har yau akwai zanen shanu a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude.

Abin da ke damuna shi ne namu yankin. Duk mai bin hanyar Jos ya san duwatsun Doguwa da Riruwai da dajin Falgore: ga ruwa, ga namun daji, ga mafaka. Mai farauta me zai nema da ya wuce haka? A Filato da Nok, masu haƙar kuza ne suka riƙa tono tsofaffin kayan dutse, aka samu masu lura suka adana. Riruwai ma garin kuza ne tun kafin zuwan Turawa, yanzu kuma kowa maganar ma'adinai yake, tifofi na ta jigilar dutse da yashi. Wa ke duba abin da shebur ya ɗago? Ni dai a ofis ban taɓa jin an tayar da zancen ba.

Na so in taho da dutsen Kano. Gwaggo ta ce sam, sai damina ta wuce.