TARIHIN TAKARDUN HAƘƘIN ƘIRƘIRA DA YADDA AKE SAMUN SU KYAUTA

Yau za mu waiwayi tarihin takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, domin mu ga dalilin da ya sa neman tsofaffinta ba ya buƙatar ko sisi.

Asalin abin yarjejeniya ce. Mai ƙirƙira zai bayyana sirrin aikinsa a rubuce, da zane, ita kuma hukuma ta hana kowa kwaikwayonsa na wasu shekaru. Idan wa'adi ya cika, fasahar ta zama ta kowa. Birnin Benis na ƙasar Italiya ya kafa irin wannan doka a 1474, da wa'adin shekara 10. Ingila ta yi tata a 1624, da shekara 14. A yau wa'adin shekara 20 ne a yawancin ƙasashe, har da Najeriya a ƙarƙashin dokarta ta 1970. Ke nan an yi takardun ne domin jama'a su karanta.

A Amurka, takarda ta farko ta fito ranar 31 ga Yuli, 1790, da sa hannun Shugaba George Washington. Samuel Hopkins aka ba, saboda sabuwar hanyar fitar da sinadari daga toka, wanda ake yin sabulu da gilashi da shi. A watan Disamba na 1836 gobara ta cinye ofishin da ke birnin Washinton, takardu kusan 10,000 suka ƙone. Kimanin 2,800 kawai aka iya sake haɗawa, shi ya sa mai neman takardar da ta girmi wannan shekara sau da yawa yakan dawo hannu rabbana. A 1836 ɗin ne kuma aka fara jerin lambobin da ake bi har yau. Keken ɗinkin Isaac Singer na 1851 lamba 8,294 ne, wayar tarhon Alexander Graham Bell ta 1876 kuwa lamba 174,465.

A da, sai mutum ya je ofishin da kansa ko wani babban ɗakin karatu, ko kuma ya biya wani ya tono masa. Zuwan intanet ya sauya wannan. A 1998 ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai ya buɗe shafin Espacenet, wanda yanzu ke ɗauke da takardu sama da miliyan 100 daga ƙasashe daban-daban. A Disamba 2006 aka buɗe Google Patents da takardun Amurka kusan miliyan 7. Dukkansu kyauta ne, kuɗin data kawai za a kashe.

Ga tela ko makaniki ko mai walda, hanya mafi sauƙi ita ce duba jikin tsohon inji, domin sau da yawa akan buga lambar ko kwanan wata a ƙarfen. A rubuta US sannan lambar, misali US8294, zanen Singer zai fito da bayanin sassansa. Nema da lamba ya fi nema da kalma tabbas, saboda kwamfuta ce ta karanta hoton tsofaffin takardun, kuma takan yi kuskure inda tawada ta dushe.

Sai dai a kula da abu guda. Cikar wa'adi ya halatta mana ƙera abin, amma bai ba mu damar liƙa sunan kamfanin a jikinsa ba, wannan doka ce daban. Haka kuma mai son yi wa sabuwar ƙirarsa rajista, gara ya nemi lauyan da ya san fannin.

Duk wanda aka ce ya kawo kuɗi a nemo masa tsohon zane, ya fara gwadawa a wayarsa tukuna. A tura wa 'yan uwa masu sana'ar hannu su ma su amfana.