Daga Kantin Leventis Zuwa Makarantar Noma ta Panda

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kano kafin shekarun 1990 ya san sunan Leventis, ko a allon kanti, ko a gidan sayar da motoci, ko a rediyo lokacin da ƙungiyar ƙwallo ta Leventis United take tashe. Kantunan sun ja baya, ƙungiyar ƙwallon ta watse, amma sunan bai bar jihar nan ba. Yana nan a Panda, cikin ƙaramar hukumar Albasu, a kan ƙofar makarantar koyon noma da Gidauniyar Leventis take gudanarwa tare da gwamnatin jihar Kano. Yanzu gidauniyar ta haura shekara arba'in da kafuwa, kuma lokaci ya yi da manoman yammacin Kano, musamman na Gwarzo da Kabo, za su san wane ne mutumin da ya bar wannan gado da abin da ya yi imani da shi. Kirista ne ɗan cocin Orthodox na Girkawa, mai ra'ayin siyasa da bai taɓa ɓoyewa ba. Abin da nake so in tabbatar shi ne, addininsa da siyasarsa su ne tushen abin da ya bari, kuma su ne dalilin da ya sa gadon ya kai ga mutanen da ba su haɗa addini ko ƙasa da shi ba.

An haifi Anastasios George Leventis a 1902 a Lemythou, wani ƙauye cikin duwatsun tsibirin Saifurus, lokacin da tsibirin yake hannun Ingila. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a kansa. Ya tashi ne a matsayin talakan Turawan mulkin mallaka, kamar yadda ɗan Kano na zamaninsa ya tashi, a ƙasar da coci ce ta riƙe wa jama'a harshensu da makarantunsu da tarihinsu shekaru aru-aru suna ƙarƙashin baƙi. Ya yi karatun ciniki a Faransa, sannan wajen 1920 ya sauka Afirka ta Yamma yana ɗan saurayi, ma'aikacin kamfanin sayen amfanin gona. Ya yi aiki a Najeriya, ya koma Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya kai babban matsayi a kamfanin G.B. Ollivant. Da kamfanin ya faɗa hannun UAC, wanda ya riga ya haɗiye yawancin abokan gasarsa, sai Leventis ya ajiye aiki ya kafa nasa a tsakiyar shekarun 1930. Mutum mai neman kwanciyar hankali da albashi mai tsoka ba zai yi haka ba, domin a wancan zamani manyan kamfanonin Turawa sun haɗa kai, su ke da jiragen ruwa, su ke da kunnen gwamna, su ke yanke farashin abin da manomi zai sayar da na abin da zai saya.

Shekarun da suka biyo baya su ne abin alfaharin gidan. Ƙaramin kamfani ya kutsa cikin kasuwar da aka ɗauka an kulle, yana sayen amfanin gona yana shigo da kayan masarufi, har ya zama ɗaya daga cikin manyan gidajen ciniki na yankin. A farkon 1948 mutanen Accra suka ƙaurace wa kayan kamfanonin Turawa saboda tsadar farashi, ranar 28 ga Fabrairu 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojojin da suka fito neman haƙƙinsu, gari ya yamutse. A irin wannan yanayi yawancin 'yan kasuwa baƙi sun lafe a bayan gwamnati. Leventis kuwa an san shi da kusanci da masu neman 'yanci, har ya zama aminin Kwame Nkrumah. Ba abin mamaki ba ne, tunda ƙasarsa ta haihuwa ita ma 'yancin take nema daga hannun Ingilar nan guda. A Najeriya kuma ya yi abin da kamfanoni da yawa suka yi jinkirin yi, ya zuba jari a masana'anta maimakon ya tsaya ga saye da sayarwa. A 1951 aka kafa Nigerian Bottling Company, ya fara sarrafa Coca-Cola a Legas a 1953, daga baya masana'antunsa suka iso Arewa har da Kano. Aka buɗe manyan kantuna, da sashen motoci, da otel ɗin Mainland a Legas. Dubban 'yan ƙasa sun koyi kanikanci da lissafin kuɗi da tafiyar da kanti a waɗannan wurare.

Bayan Saifurus ta sami 'yanci a 1960, shugabanta na farko shi ne Makarios, wanda kuma shi ne babban limamin cocin tsibirin. Leventis ya tsaya tare da shi, ya zama wakilin ƙasarsa a hukumar UNESCO da ke Faris. Rikicin 1974, da juyin mulkin da sojojin Girka suka kitsa da shigowar sojojin Turkiyya, ya raba tsibirin gida biyu, aka wawashe kayan tarihi na coci-coci masu yawa. Shekarun Leventis na ƙarshe sun tafi ne wajen taimakon waɗanda suka rasa muhalli da neman ceto abin da ya rage. Ya rasu a 1978, kuma a 1979 aka kafa gidauniyar da ya yi wasiyya da ita, 'ya'yan 'yan uwansa suka ɗauki ragamarta.

Gaskiya ne tafiyar ba ta rasa gargada ba. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Gana ta saye harkokin kamfanin a can ta mai da su kamfanin ciniki na ƙasa, dokokin mai da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sauya fasalin mallakarsa a Najeriya, faɗuwar darajar naira bayan 1986 kuma ta karya cinikin manyan kantuna. Wannan guguwa ba gidan Leventis kaɗai ta taɓa ba, kusan duk takwarorinsa ta kwashe. Abin lura shi ne a daidai wannan ƙunci, a 1988, aka kafa reshen gidauniyar na Najeriya, aka fara da makarantun noma a Ilesa da Dogon Dawa ta jihar Kaduna, ta Panda ta biyo baya cikin shekarun 1990. Tsarin bai da wuyar fahimta. Ana ɗaukar matashi mai niyyar zama manomi, a ajiye shi shekara guda ba tare da kuɗin makaranta ba, yawancin karatun a gona ake yinsa, a koya masa noman hatsi da kayan lambu, da kiwo, da dashen itatuwa, da gyaran ƙananan kayan aiki, da yadda zai lissafa ribar gonarsa. Ba a shirya shi don neman aikin ofis ba, an shirya shi ya koma ƙauyensu ne.

Akwai masu cewa duk wannan ɗan ragowa ne daga ribar da baƙo ya kwasa a guminmu, don haka babu abin godiya. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin cinikin zamanin mulkin mallaka bai yi wa manomi adalci ba, kuma Leventis ɗan kasuwa ne da ya zo neman riba ya same ta. Sai dai kamfanoni nawa ne suka ci moriyar gyadar Kano da fatunta da audugarta? Nawa daga cikinsu suka bar makarantar da ɗan talaka zai shiga kyauta ya koyi sana'ar ubansa? Wanda ya ce haƙƙi ne aka dawo da shi bai yi kuskure ba, amma mutumin da ya yarda akwai haƙƙin wasu a cikin dukiyarsa, akwai abin da ya koya masa haka. A nan ne tarbiyyar coci da ɗacin mulkin mallaka da ya ɗanɗana suke bayyana.

Wasu kuma damuwarsu ta addini ce. Suna tambaya ko ya dace Musulmi ya tura ɗansa makarantar da dukiyar Kirista ta gina, balle Kiristan da siyasarsa ta saɓa da ta Turkiyya. Amsar tana cikin aikin kansa. Gidauniyar ba ta ɓoye cewa tana kashe kuɗi wajen gyaran tsofaffin coci-coci da adana al'adun Girkawa a can gida ba. Abin da ta kawo Panda kuwa noma ne, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, a tsakiyar al'ummar Musulmi. Batun Saifurus rigimar ƙasa ce tsakanin al'ummomi biyu da kowacce ta yi asarar rayuka da wuraren ibada, ba a kuma taɓa sa ɗan Kano ya zaɓi ɓangare kafin a koya masa haɗa takin gargajiya ba. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi cinikin goro a Gwanja ya yi na gyada da Turawa, bai sassauta addininsa ba, kuma zuriyarsa ta ci gaba da gina masallatai da makarantu da asibitoci. Asibitin da attajiri Musulmi ya gina ba ya tambayar majinyaci addininsa a bakin ƙofa. In mun yaba wannan a gida, adalci ne mu gane shi a wajen wani.

Yammacin Kano ya fi kowa bukatar wannan darasi. Ƙasar Gwarzo da Kabo ƙasar dawa ce da masara da gyada, ga madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, ga babban dam ɗin Challawa a maƙwabciyarsu Karaye, amma samari suna barin gona suna tafiya birni cirani saboda noman da suka gada ba ya biyan kuɗin taki. Ruwa yana nan, ƙasa tana nan, ilimin da zai haɗa su ne ya yi ƙaranci. Panda tana da nisa daga nan, a kudu maso gabashin jihar take, kuma makaranta ɗaya ba za ta ɗauke matasan ƙananan hukumomi 44 ba. Saboda haka ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin biyu da hakimai da dagatai su riƙa bibiyar lokacin ɗaukar ɗalibai, su tura yara daga Getso da Garo da ƙauyukan da ke kewaye, Musulmi da Hausawa Kiristoci da suke noma kafaɗa da kafaɗa a wannan yanki, su kuma tanadar musu fili da ɗan jari idan sun dawo. Gwamnatin jiha ta riƙe nata kason na kuɗin makarantar ba tare da yankewa ba. Attajiran yankin da Allah ya buɗa wa a kasuwannin Dawanau da Kwari da Singa kuma su je Panda su ga yadda aka tsara ta, su nemi gidauniyar ta ba su shawara, su kafa irinta a gefen ɗaya daga cikin madatsun nan.