Tarihin Noma, Cutar da Ke Cin Bakin Yara

Wani mai sauraronmu daga karkarar Zamfara ya aiko da takarda yana tambaya: wai shin mene ne asalin cutar nan da likitoci ke kira noma, kuma me ya haɗa ta da aikin gona?

To malam, ba abin da ya haɗa su sai suna. Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta abu mai cinyewa. Cutar kuwa tsohuwa ce. Tun a 1595 wani likita a ƙasar Holan, mai suna Carolus Battus, ya rubuta bayaninta. Har cikin ƙarni na 19 tana kashe 'ya'yan talakawan Turai, musamman bayan sun yi ƙyanda. Da abinci ya wadata, tsabta ta samu, sai ta ɓace musu tun kafin a gano fanisilin. Amma ta sake ɓulla lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa. Ka ga ke nan, ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Yunwa ce ke buɗe mata ƙofa, ƙwayoyin cutar da ke cikin baki su yi ɓarna.

Nan gida kuwa, a 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa. Da fari dasashi ke yin ja, yana jini in an taɓa. Sai gyambo, da warin baki, da dalalar miyau, sannan kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki wurin ya yi baƙi, ya ɓurme. In ba magani, hukumar ta ce kusan 9 cikin 10 na mutuwa. Amma in an kai yaro asibiti tun ciwon na dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wankin baki, da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita. Ba a kuma ɗaukarta daga wani, don haka kada a guji yaron.

Saboda haka malam, ka riƙa duba bakin yaranka, musamman bayan yaye ko ƙyanda. Ka ga alama, kada ka jira sai ranar kasuwa. Da fatan ka gamsu.