Tarihin Gano Ƙwayar Masassara da Gwajin Yammacin Sakkwato

Furotista suna ne da masanin halittu Ernst Haeckel na Jamus ya raɗa a 1866 ga wasu ƙananan halittu, akasarinsu masu ƙwayar halitta guda ɗaya, waɗanda ba su shiga sahun dabbobi ko na tsirrai ba, kuma ido ba ya ganin yawancinsu sai da madubin ƙara girman abu. Wadda ta fi shafar mutanen ƙasar Sakkwato a cikinsu ita ce Plasmodium, mai haddasa masassarar cizon sauro, wadda ke shiga jiki ta bakin macen sauro nau'in Anofilis, ta fara hayayyafa a hanta, sannan ta faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, kuma wannan fashewar ce ke kawo zazzaɓi da rawar ɗari. Likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ne ya fara ganin ta a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897.

Rabon Lardin Sakkwato a wannan tarihi ya fara ne a 1954, lokacin da aka buɗe wani aikin gwaji a yammacin lardin, a ƙauyukan da ke kewayen Birnin Kebbi, inda fadama ke riƙe ruwa har bayan damina ta wuce. Dabarar ita ce a fesa maganin ƙwari a bangon ɗakuna, domin sauron da ya sha jini ya sauka a bango ya mutu kafin ƙwayar da ke cikinsa ta isa shiga jikin wani, kuma an gwada magunguna uku, wato DDT da BHC da dieldrin. Ba a yi nisa ba, a 1955, aka tarar a Ambursa, cikin yankin gwajin, cewa dieldrin ya daina kashe sauron, saboda 'yan tsirarun da suka jure shi sun hayayyafa sun gadar wa 'ya'yansu wannan juriyar. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya, wanda ya fi dogara a kan feshi.

An yi gwaji irin na yammacin Sakkwato a gundumar Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, inda aka haɗa feshi da raba magani ga jama'a baki ɗaya. Masu ɗauke da ƙwayar sun ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka dakatar da aikin ta koma yadda take a da.