Adon da Aka Binne a Ryazan

A Rasha ta dā, matar aure ba ta barin gashinta a waje. Takan lulluɓe shi da mayafi, masu hali kuma su rataya kolt, wani ado na zinariya ko azurfa mai reto a gefen fuska. Yawancin waɗanda muke gani yau tono su aka yi. A 1237, da rundunar Mongol ƙarƙashin Batu Khan ta tunkari birnin Ryazan, mutane suka binne kayan adonsu, da niyyar dawowa in ƙura ta lafa. Aka ƙone birnin. Sai a 1822 manoma suka ci karo da wannan dukiya. Da masu ita sun tsira, wataƙila da tuni an narkar da ita, mu kuwa ba mu san adonsu ba.