Raina Kama da Tarihin Gayyar Marubutan Kano

Fiye da shekara arba'in, duk wanda ya rubuta labarin Hausa yana son a buga masa, hanyarsa ɗaya ce: Zariya. A can Rupert East ya shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan NORLA a 1954, sai NNPC a 1966. Marubuci zai aika rubutunsa ya zauna jira. In editan ya so, a buga. In bai so ba, rubutun ya tsufa a akwati.

Wannan tsari ya samar da littattafai masu inganci, amma yana da rauni guda da duk mai aikin manhajar kwamfuta ya sani: in kowa na rataye da na'ura ɗaya, ranar da ta tsaya kowa ya tsaya. Hakan kuwa ya faru. Bayan gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta da suka tabbatar za su sayar. A daidai lokacin kuma masu karatu sun yawaita. Yaran da suka shiga firamare da shirin UPE na 1976 sun zama samari da 'yan mata, ga kuma Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 tana koya wa matan aure karatu da rubutu. Masu son karatu da yawa, masu rubutu da yawa, amma ƙofar da ke tsakaninsu ta rufe.

Marubutan farko da suka bi ta wata hanya sun yi ne da kuɗin aljihunsu. Mutum zai kai rubutunsa wajen mai keken rubutu, ya nemi mai zanen bango, ya biya ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauki littattafan da kansa ya zaga da su shagunan Kasuwar Kurmi da Sabon Gari. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Wahalar a fili take. Sabon marubuci bai san wace maɗaba'a ce ke cika alkawari ba, bai san wane mai shago ne ke biya in ya sayar ba, kuma in aka kwafi littafinsa aka sayar a bayan idonsa, ba shi da wanda zai tsaya masa.

Daga nan ƙungiyoyi suka taso, irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Sunayen ma kansu amsa ce ga masu kallon waɗannan matasa a matsayin marasa digiri: kowane Bahaushe ya san yadda karin maganar raina kama take ƙarewa, ya kuma san wanda ke gane kukan kurciya. Raina Kama ce ta fi shahara, da marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa da Balaraba Ramat Yakubu.

Abin da suka yi ba wani abin al'ajabi ba ne. Suna duba wa juna rubutu kafin a buga. Tsohon hannu yana nuna wa sabo maɗaba'a da masu shago. Littafin ɗaya yakan ɗauki jerin littattafan sauran 'yan ƙungiya, wani lokaci har da hotonsu tare, don haka wanda ya sayi guda ya san abin da zai nema gaba. Sunan ƙungiya a bango ya zama shaida, kamar yadda sunan NNPC yake a da. Suna kuma kai littattafai gidan rediyo a karanta a iska, labari ya shiga gidajen da marubucin bai taɓa takawa ba. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ta irin waɗannan hanyoyi ya zaga Arewa.

Mu mutanen Ungogo wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Gonakinmu ƙanana ne, a manne da juna, ana nome su kowace shekara ba hutu. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin gundumar Ungogo a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace da amfanin gona su dawo da taki. Ƙasar ta rayu ne saboda hanyar da ke tsakanin ƙauye da birni ba ta mutu ba. Ga kuma gayya: yau a nome taka, gobe a nome tawa. Wanda ba ya zuwa gayyar mutane, ranar tasa zai ga fili. Raina Kama gayya ce aka ɗauke ta daga gona aka kai maɗaba'a.

Amfanin haɗuwar ya wuce cinikin littafi. Bayan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, marubutan da suka saba aiki tare suka shiga harkar bidiyo, aka mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Lokacin da Ibrahim Malumfashi ya kira aikinsu Adabin Kasuwar Kano, muhawara ta ɓarke a jaridu, Ibrahim Sheme ya ba ta fili, Abdalla Uba Adamu ya kare marubutan. Sukar ta sa aka fara nazarinsu a jami'o'i. Sai lokacin matsi ya zo. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a bainar jama'a, a 2008 kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ƙarƙashin Abubakar Rabo ta nemi kowane marubuci ya yi rajista shi kaɗai. Ƙungiyoyin marubuta, har da reshen ANA na Kano, suka haɗa kai suka ƙi, suka zauna da hukumar a matsayin jama'a guda. Da ɗaiɗai aka same su, da ba wanda zai iya buɗe baki.

Gayyar tana da nata aibi. Aboki yakan ji nauyin gaya wa aboki cewa labarinsa bai nuna ba, shi ya sa littattafai da dama suka fito da kurakuran rubutu da maimaita jigo ɗaya. Daga baya kuma ƙarfi ya koma hannun 'yan kasuwar da ke sayen rubutu su buga da kansu. Duk da haka, daga cikin wannan zuri'a aka samu Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Mata ma suka kafa nasu zaurukan, irin su Kallabi da Mace Mutum.

Yau yarinya a Panisau ko Rijiyar Zaki tana iya rubuta littafi a wayarta ta sayar kafin magariba, ba ta bi ta Zariya ko Kurmi ba. Amma tsofaffin matsalolin suna nan. Ana kwafe aikinta a raba kyauta, ba mai duba mata rubutu, kuma kasuwarta duka tana kan manhajar wani kamfani da zai iya rufe ta gobe. Wannan ma ƙofa ɗaya ce, ta sake suna kawai. Tara dubban lambobin waya ba ya maganin haka. Abin da ya ceci 'yan Raina Kama mutane kaɗan ne da suka san juna, suke karanta aikin juna, suke fitowa ranar da aka taɓa ɗayansu. Marubucin da ke son irin wannan rumfa sai ya fara da karanta aikin wani, ya faɗa masa gaskiya a kai.